Shugaban ƙasa ko firaminista, wanne za ka mara wa baya idan an zo gyaran tsarin mulki?

Tun watan Fabrairun 2024 da wasu 'yan majalisar wakilai kusan 60 suka kawo ƙudirin a mayar da Najeriya tsarin firaminista daga shekarar 2031, maganar nan ta ƙi mutuwa, ko ta lafa sai wani ya sake tono ta. Kuma a nan Arewa tana saurin shiga rai, don da ka ce firaminista abin da ke faɗo wa mutum shi ne Tafawa Ɓalewa da Sardauna, shi ke nan sai a ce ai gara a koma can. To kafin mutum ya ɗaga hannu ya ce ya goyi baya ko bai goya ba, ya kamata a san me kowane tsari ya ba wa, me ya hana wa, don wasu abubuwan da muke kewa daga wancan zamanin ba tsarin firaminista ne ya kawo su ba sam.

Wanda muke kai yanzu, wato kundin 1999 da gwamnatin Janar Abdulsalami ta bari, ya raba iko gida uku tun daga farkonsa. Sashe na 4 ya ba majalisa yin doka, na 5 ya ba shugaban ƙasa zartarwa, na 6 ya ba kotuna shari'a. Kai talaka kai kake zaɓen shugaban ƙasa da hannunka, ka kuma zaɓi sanata da ɗan majalisar wakilai daban, sanatoci 109, wakilai 360, kowa da nasa wa'adin shekara huɗu, shugaba ba ya iya rushe majalisa, ita ma majalisa ba ta iya korar shi don kawai ta gaji da shi. Ko minista ma, in shugaba ya ɗauko shi daga cikin majalisa to dole ya ajiye kujerarsa, ba a haɗa biyun. A tsarin firaminista kuwa ƙuri'a ɗaya ce za ka kaɗa, ta ɗan majalisar mazaɓarka. Jam'iyyar da ta fi rinjaye, ko gamayyar jam'iyyu, ita za ta fitar da firaminista daga cikin 'yan majalisar, ministocinsa ma duk daga cikinsu, suna zaune a zaure ɗaya ana yi musu tambaya ido da ido, kuma duk ranar da rinjayen ya kuɓuce musu gwamnati ta faɗi ko da wata uku ta yi.

Wannan na ƙarshen shi ne babban makamin masu son firaminista, kuma gaskiya suna da hujja. Duba sashe na 143 ka ga wahalar tsige shugaban ƙasa a Najeriya. Sai kashi ɗaya cikin uku na 'yan majalisar tarayya sun sa hannu a takardar zargi, sannan kashi biyu cikin uku na kowace majalisa su yarda a bincika, sannan alƙalin alƙalai ya kafa kwamitin mutum bakwai, kwamitin ya yi aikinsa cikin wata uku, in ya ce akwai laifi a sake komawa neman kashi biyu cikin uku. Shi ya sa tun 1999 ba a taɓa tsige shugaban ƙasa ba, barazana dai ake yi a watse. Lokacin rashin lafiyar marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa ƙasa ta yi wata da watanni ba a san wa ke riƙe da ita ba, har sai da majalisa ta ƙirƙiro wata dabara ta larura a Fabrairun 2010 ta ce Jonathan ya zama muƙaddashi. A Ingila kuwa Firaminista Liz Truss kwana 49 ta yi a 2022, ta kawo tsarin haraji da ya rikita kasuwa, 'yan jam'iyyarta suka juya mata baya ta sauka, ba soja ba kotu. Afirka ta Kudu ma da majalisa ce ke zaɓen shugaba, jam'iyyar ANC mai mulki ta sauke Shugaba Mbeki a 2008 ta kuma matsa wa Zuma ya yi murabus a 2018. In abin da ya fi damun ka shi ne shugaba ya gaza amma dole a haƙura da shi har shekara huɗu ko takwas, to a nan tsarin firaminista ya yi gaba nesa ba kusa ba.

Akwai kuma rikicin da tsarin shugaban ƙasa ke haifarwa in zartarwa tana hannun wata jam'iyya majalisa tana hannun wata, kuma ba sai mun je Amurka neman misali ba, Kaduna ta ishe mu. A 1979 Balarabe Musa ya ci gwamna a PRP amma majalisar jiha NPN ce ke da rinjaye. Ya aika sunayen kwamishinoni suka ƙi, ya sake aikawa suka sake ƙi, mutumin nan ya yi mulki kusan shekara biyu babu kwamishina ko ɗaya, daga ƙarshe a Yunin 1981 suka tsige shi mataimakinsa Abba Musa Rimi ya hau. Jama'a ne suka zaɓi gwamna, jama'a ne suka zaɓi majalisa, kowa na da gaskiyarsa a takarda, jiha ce ta tsaya cak. A tsarin firaminista irin wannan ba ya faruwa don wanda ba shi da majalisa ba zai ma hau ba tun farko. Zamanin Buhari da Saraki, shugaban majalisar dattawa, ma an ɗan ɗanɗana, kasafin kuɗin 2018 sai watan Yuni aka sa masa hannu.

Maganar tsada ce nake ganin an fi zuzutawa. E, in ministoci daga majalisa suke an rage kujeru, an rage zaɓen da ɗan takara zai zagaye jiha 36 da jirgi, wannan gaskiya ne. Amma me ya sa ministocinmu suke da yawa? Sashe na 147 ne ya ce dole kowace jiha ta samu aƙalla minista ɗaya, to ka ga 36 ke nan kafin a fara saka wa 'yan siyasa, gwamnatin Tinubu ta fara da sama da 40. Ana iya gyara wannan sashen ba tare da an taɓa tsarin gaba ɗaya ba. Kuma da Sanata Shehu Sani ya fito a 2018 ya ce kowane sanata na karɓar naira miliyan 13.5 duk wata na gudanar da ofis, ba wani sashe na kundi ne ya rubuta wannan adadin ba, su suka yanka wa kansu. Yanzu ka ɗauki mutanen nan da ke yanka wa kansu ka ce ku ne majalisa, ku ne ministoci, ku ne kuma za ku binciki ministocin, wa zai ce musu kuɗin ya yi yawa? Majalisar wakilan Ingila kujera 650 ce, ta fi tamu yawa, ba yawan kawuna ne tsadar ba.

Inda nake so a daɗe shi ne a Jamhuriya ta farko, don mun riga mun gwada tsarin nan daga 1960 zuwa Janairun 1966, ba labarin wata ƙasa ba ne. A zaɓen 1959 kujeru 312 ne, Arewa ke da 174. Lissafin a fili yake, duk jam'iyyar da ta riƙe Arewa da kyau ta kusa riƙe ƙasa, ba ta buƙatar ƙuri'a ko ɗaya daga Ibadan ko Enugu, abokin ƙawance kawai take nema, shi ne NPC ta Sardauna ta haɗa da NCNC ta Azikiwe, Awolowo da jam'iyyarsa AG suka zama 'yan adawa. Wannan lissafin shi ya sa ƙidayar jama'a ta 1962 da 1963 ta zama kamar yaƙi, saboda yawan mutane shi ne yawan kujeru, yawan kujeru shi ne mulki. Sai kuma rikicin Yamma a 1962, inda gwamnan yankin, Ooni na Ife, ya sauke Firimiya Akintola bisa wata takarda da 'yan majalisa suka sa wa hannu ba tare da an kaɗa ƙuri'a a zaure ba. Ranar da majalisar ta zauna a Ibadan don tabbatar da Adegbenro a matsayin sabon Firimiya sai kujeru suka fara tashi sama, wani ɗan majalisa ya fizgi sandar majalisa ya kai wa kakaki duka ta sauka kan tebur ta karye, 'yan sanda suka shigo da barkonon tsohuwa, gwamnatin tarayya ta sa dokar ta-ɓaci ta naɗa Dakta Majekodunmi kantoma. Wato sauƙin sauke shugaba da ake yabo, ga yadda ya kasance a hannun 'yan siyasarmu. Bayan zaɓen Disambar 1964 kuma Azikiwe, da yake shugaban ƙasa na jeka-na-yi-ka, ya yi kwanaki ya ƙi kiran Tafawa Ɓalewa ya kafa gwamnati, har aka shiga gardamar wa sojoji za su yi wa biyayya a cikin su biyun.

Abin da kwamitin da Murtala ya kafa a 1975 ƙarƙashin Rotimi Williams ya duba ke nan ya ce a koma shugaba ɗaya mai cikakken iko, amma aka ɗaura masa sharaɗi, ba yawan ƙuri'a kaɗai ba, sai ya samu kashi 25 cikin 100 a kashi biyu cikin uku na jihohi. Sharaɗin nan har gobe yana nan a sashe na 134, kuma ni a ganina shi ne abu mafi daraja a kundin gaba ɗaya. Shi ke tilasta wa ɗan Daura ya je neman Legas, ɗan Legas ya zo neman Kano da Maiduguri. Buhari ya tara ƙuri'a wajen miliyan 12 a 2011 kusan duk daga Arewa bai kai ba, sai da aka yi haɗakar APC da Kudu maso Yamma sannan ya ci a 2015. Yau a majalisar wakilai Arewa har da Abuja na da kujera 191, Kudu 169, kuma 181 ake buƙata a kafa gwamnati in firaminista ne. Na san wani zai karanta wannan ya ce to ai mu gaba ta kai mu. Ka tuna dai Arewar yau ba jam'iyya ɗaya ba ce kamar zamanin NPC, Filato da Binuwai ba sa bin Kano, Kano ma ba ta bin kowa, sannan ranar da 'yan Kudu suka ga lissafin ya rufe musu ƙofa har abada maganar raba ƙasa ce za ta dawo sabuwa.

Ba zan ɓoye wani alherin tsarin firaminista ba a nan, ƙananan jam'iyyu suna da daraja. A 2023 Tinubu ya ci da ƙasa da kashi 37 cikin 100 amma ya kwashe zartarwa duka, Atiku da Obi da Kwankwaso da suka tara sauran suka tashi a tutar babu. Alhali a majalisar wakilai APC ba ta kai 181 ba a farkon zama, da firaminista ne dole ta nemi ƙawance, kujerun NNPP na Kano da na LP sai sun zama abin lallashi, a zauna a yi ciniki a kan manufa da ma'aikatu. To amma ciniki da wa? Mu da ɗan majalisa ke kwana a jam'iyya ɗaya ya tashi a wata, sashe na 68 ya ce in ka sauya sheƙa ka rasa kujerarka sai dai in jam'iyyarka ta rabu, kowa sai ya ce tasa ta rabu. Kuma kowa ya san wa ke ba da tikitin majalisa a jiha, gwamna ne, deliget nasa ne. Ka cire talaka daga zaɓen shugaban ƙasa ka miƙa wa 'yan majalisa 360, a aikace gwamnoni 36 ka miƙa wa, su zauna a wani otal a Abuja su fitar da firaminista, wata shida in ya taka su su sauya. Indiya da ta fi mu tsayayyun jam'iyyu ma gwamnatin Vajpayee da ƙuri'a ɗaya tak ta faɗi a 1999. Jamus ta toshe wannan ƙofar da cewa ba za ku sauke shugaban gwamnati ba sai kun zaɓi magajinsa a wannan ƙuri'ar ta sauke shi, in za a yi tsarin nan a Najeriya babu irin wannan sharaɗin to kar ma a fara. Sannan firaminista ba shi da iyakar wa'adi. Majalisar dattawa ta kashe tazarcen Obasanjo a Mayun 2006 saboda kundi ya ce zango biyu, a Togo kuwa a 2024 aka sauya zuwa tsarin majalisa, Faure Gnassingbé da ke mulki tun 2005 ya koma shugaban majalisar ministoci, kujerar da ba ta da ranar sauka.

Masu cewa a haɗa biyun, a zaɓi shugaban ƙasa sannan a yi firaminista daga majalisa irin na Faransa, su tambayi 'yan'uwanmu na Nijar. Mahamane Ousmane ya ci zaɓe a 1993, a Janairun 1995 'yan adawa suka kwashe majalisa, dole ya naɗa Hama Amadou firaminista, aka shekara ana jayayya kan wa ke kiran taron ministoci, wa ke naɗa manyan ma'aikata, har Ibrahim Baré Maïnassara ya yi juyin mulkin soja ya share su duka a 27 ga Janairun 1996. Ba a sarki biyu a gari ɗaya. Tsarin ya yi aiki sau ɗaya yadda ake so, a 2007 da majalisa ta kayar da gwamnatin Hama ta hanyar ƙuri'ar yanke ƙauna ba tare da an taɓa Shugaba Tandja ba, amma shi wannan tsarin ya ba shugaba ikon rushe majalisa, kuma da shi Tandja ya yi amfani a 2009 lokacin tazarce, ya rushe majalisa ya bi da kotun tsarin mulki. Na Ghana ya fi sauƙi, shugaba ne zaɓaɓɓe amma kundin 1992 ya ce mafi yawan ministoci su fito daga majalisa, su kansu 'yan Ghana suna kukan hakan ya mayar da 'yan majalisa masu jiran kiran fadar shugaba.

Yanzu abin da ya sa na ce ana kewar abin da ba shi ba. In dattijo ya ce maka zamanin Sardauna an yi aiki, ya lissafo Jami'ar Ahmadu Bello ta 1962, Bankin Arewa, masaƙun Kaduna, gidan rediyo da talabijin na Kaduna, tambaye shi wace gwamnati ce ta yi su. Gwamnatin Jihar Arewa ce, ba ta Legas ba. Kowane yanki na da nasa kundin tsarin mulki, Arewa na da majalisar dokoki da majalisar sarakuna a Lugard Hall, akwai 'yan doka na En'e, kuɗin gyaɗa da auduga na hukumar kasuwancin yankin ne, rabin kuɗin ma'adinai na komawa inda aka haƙo. Ƙarfin yankin ya kai Sardauna da yake shugaban NPC ya zaɓi zama Firimiya a Kaduna ya bar wa mataimakinsa Tafawa Ɓalewa Legas. Yau wane shugaban jam'iyya ne zai zaɓi gwamna ya bar Aso Rock? Wannan ba bambancin shugaba da firaminista ba ne, bambancin yadda aka raba iko tsakanin tsakiya da ƙasa ne, kuma a nan gizo ke saƙar. Kundin 1999 ya zo da abubuwa 68 da tarayya ce kaɗai ke da hurumi a kansu, 'yan sanda, ma'adinai, har da mafi ƙarancin albashi. Sashe na 214 ya hana kowace rundunar 'yan sanda sai ɗaya, shi ya sa gwamnan Zamfara ko Katsina ake ce masa babban jami'in tsaron jiha amma kwamishinan 'yan sanda Abuja yake saurare. A rabon asusun tarayya kuma gwamnatin tsakiya na ɗaukar kashi 52.68, jihohi 36 su raba 26.72, ƙananan hukumomi 774 su raba 20.60. Ka sa firaminista a kan wannan tsarin ba ka taɓa jadawalin ikon tarayyar ba, abin da ka samu shi ne Abuja mai ƙarfi iri ɗaya, sai dai wanda ke kanta ba kai ka zaɓe shi ba.

Don haka ni in aka ba ni takarda biyu, zan bar zaɓen shugaban ƙasa a hannun talaka da sharaɗin kashi 25 ɗin nan, in kai ƙarfina wajen rage jerin ikon tarayya. Kuma an ga hakan na yiwuwa, a Maris 2023 Buhari ya sa hannu aka mayar da wutar lantarki da jirgin ƙasa da gidajen gyaran hali cikin abubuwan da jihohi ma za su iya yi, aka kuma sa wa shugaba da gwamnoni kwana 60 su miƙa sunayen ministoci da kwamishinoni, wanda da yana nan a 2015 da ba a jira har Nuwamba ba. Wanda kuma ya ga shi dai firaminista yake so, ban ce ya yi kuskure ba, amma kar ya karɓa sai da abu uku a haɗe, dokar da za ta kori mai sauya sheƙa ba wani uzuri, sharaɗi irin na Jamus wajen sauke gwamnati, da iyakar shekarun da mutum ɗaya zai yi a kujerar.

Sai dai shi ma rage ikon Abuja yana da nasa tarkon, don ikon da aka sauko da shi hannun gwamna zai faɗa, kuma mun ga yadda gwamnoni ke yi da na ƙasa da su. Zaɓen ƙananan hukumomi da hukumar zaɓen jiha ke shiryawa, kusan ko'ina jam'iyyar gwamna ce ke cinye ciyamomi da kansiloli kaf, asusun haɗin gwiwa kuma sai da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a 11 ga Yulin 2024 cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Wanda ya yi haka da kansila, in ka ba shi 'yan sanda masu bindiga ba tare da hukumar da ba shi ya naɗa ta ba, ka san me zai yi da ɗan adawa. Kuma duk gyaran da za a yi, ko na firaminista ko na 'yan sandan jiha, sashe na 9 ya ce bayan kashi biyu cikin uku na majalisun tarayya sai majalisun jihohi 24 cikin 36 sun amince, majalisun da mafi yawansu ba sa motsi sai gidan gwamnati ya ce su motsa. In ɗan majalisar jiharku ya zo gaisuwar salla ko ta'aziyya, shi ne wanda ya kamata a tare a tambaya wanne zai kaɗa wa ƙuri'a, don ƙudirin sai ya bi ta teburinsa kafin ya koma Abuja.